Ƙahon da Tasi'u Ya Ƙi Kafawa

"Ba zan kafa ba, Baba."

Ina bayan ƙofar zaure, riƙe da kwanon ruwan ɗumi, na ji maganar ta fito daga bakin Tasi'u. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini.

Babana, Mala Fannami, yana zaune a tabarma, ya tuɓe riga ya ba shi baya. Abokan kamun kifinsa uku suna gefe suna jiran layi. Haka suke yi duk shekara idan bazara ta yi nisa: a yi ƙaho, a zubar da mataccen jini, a shiga damina jiki sakayau.

"Me ka ce?" in ji Baba, bai ko juyo ba.

"Ka yi haƙuri. Aski zan yi maka, in gyara maka gemu. Ƙaho dai a'a."

"Ubanka shekara talatin yana kafa mini ƙaho a nan wurin. Kai ne yau za ka ce a'a? Dalili?"



Na san dalilin, don ni na gaya wa Tasi'u. Na kuma san ba zai faɗa a gaban mutane ba, ko da za a zage shi har magariba.

Sai ga muryar Zulaihat a bayana, 'yar ƙanwar Baba da ke zaune a gidanmu. Ta ɗaga murya yadda har na titi zai ji.

"Kawu, ai Yagana ce ta gaya masa an sa maka ƙarfe a zuciya!"



Ɗaya daga cikin abokan Baba ya ce, "Ƙarfe, Mala? Ba gyambon ciki ka ce mana ba?"

Baba ya mayar da rigarsa a hankali. Ya ɗauki zabirar Tasi'u, jakar da yake zuba asake da ƙahoni, ya ajiye ta a bakin ƙofa ta waje.

"Ɗauki kayanka. Maganar da manyanka za su zo da ita bayan Sallah, ka ce su sha zamansu. Wanda ya raba sirrina da 'yata ya kunyata ni a zaurena, ba ni ba shi."

"Baba..."

"Fita!"

Ya fita. Ta ƙasan labule na ga takalmansa sun tsaya kaɗan, kamar suna jiran wani abu, sannan suka wuce.

Takalman nan na fi sani a jikinsa. Shekara guda yana zuwa zance wurina, ban taɓa iya ɗaga ido na dube shi sosai ba. Yakan ce, "Gana, wallahi takalmana sun fi ni sa'a. Gobe zan aiko su su kaɗai, ni in huta."

In rufe fuska da mayafi ina dariya.

*

Wata huɗu kafin wannan rana Baba ya faɗi a cikin kwalekwale. Shi ne shugaban gayyar yankan kacala, ciyawar nan mai tsawo da ke toshe mana hanyoyin ruwa har kifi da shinkafa su gagara. Yana cikin sara ya dafe ƙirji. Daga asibitin Hadejia aka tura mu Kano. Ni na raka shi, don gwiwar Inna ba ta son doguwar mota.

A can muka haɗu da Dakta Maijidda, likitar zuciya, doguwa mai yawan murmushi. Suka zura wani siririn abu ta jijiyar wuyan hannun Baba, suka ɗauki hoton hanyoyin jinin zuciyarsa. Da ta nuna mana a allon, sai ga layuka baƙaƙe suna rarrabuwa, wannan ya yi nan, wancan ya yi can.

Baba ya ƙura ido ya ce, "Likita, ai wannan koginmu ne."

"To Baba, nuna mini inda kacala ta ci."

Ya sa yatsa daidai inda layin ya tsuke kamar zare.

"Wallahi ka fi ɗalibaina," in ji ta.

A wurin suka sa masa wata 'yar raga ta ƙarfe, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, ta buɗe hanyar ta riƙe ta. Da aka sake ɗaukar hoton, ruwa ya wuce sumul.

Washegari ta zauna a bakin gadonsa da takarda.

"Bincike muke yi, Baba. Mutum ɗari biyu da aka sa wa irin ragar nan muke bibiya har shekara, mu ga wa ta zauna masa lafiya, wa ta ba shi matsala, kuma me ya jawo. Ba dole ba ne."

"In zai amfani wani, kawo," in ji Baba, ya dangwala yatsa.

Ta juyo kaina. "Kin iya karatu?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Aji uku na tsaya."

"Kin iya ja layi?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ke nan, kin zama ma'aikaciyarmu."

Ta ba ni kati mai gidaje-gidaje, kowace rana da gidanta, da lambar wayarta a baya. Ƙwaya biyu kullum da safe. In ya sha, in ja layi. Ta ce maganin yana hana jini daskarewa a kan ragar. In aka daina, jini zai iya curewa ya toshe ta lokaci guda. Amma muddin yana sha, ko ƙaramin yanka ba ya saurin tsayawa, don haka kada a cire masa haƙori ko a tsaga shi sai an gaya mata.

Ba ta ambaci ƙaho ba. Ni ce na tuna da shi a mota, muna wuce garin Malam Madori.

A motar kuma Baba ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, ba ya kiran sunana. "Maganar ƙarfen nan ta tsaya tsakaninmu. In suka ji, gindin bishiya za su zaunar da ni kamar tsohon da ya gama amfani."

Na ce to.

Na riƙe har wata huɗu. Da na ga lokacin ƙaho ya matso, na rasa barci, na rasa ci. Baba ba zai ji maganata ba, ni ma ba zan iya buɗe baki a gabansa ba. Sai na gaya wa takalman Tasi'u, a soro. Ban san Zulaihat na bayan katanga tana shanya ba.

*

Kwana arba'in da uku ban ji muryar Tasi'u ba.

Duk Alhamis yakan bi ta layinmu a babur, zai je yi wa mutanen unguwar gaba aski. Na san ƙarar babur ɗinsa a cikin dubu. In ya zo daidai darbejiyar ƙofar gidanmu sai ya rage gudu...

Ya rage...

Sannan ya wuce.

Ni kuwa ina tsakar gida, muciya a hannu, tuwo na ƙonewa.

"Yagana! Ƙauri!" Inna ta kan ce. Daga baya ta daina faɗa, sai dai ta karɓi muciyar ta ce in je in wanke fuska.

Akwai wani ɗan madubi mai zagaye da ya ciro daga zabirarsa ya ba ni tun farkon zuwansa. Ya ce, "Tunda ba kya kallona, riƙe wannan ki riƙa ganin abin da nake kallo." Yana cikin ƙasan akwatina. In na ɗauko, ba fuskata nake nema ba. Bayansa nake shinshinawa, inda ƙanshin sabulun askinsa ya kama.

In na je wanki bakin kogi, sai in yi ta kallon inda kacala ta rufe ruwa, ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Haka nake jin ƙirjina.

Zulaihat kuwa ta samu abin yi.

"Jiya na kai wa Hajiyar su Tasi'u dambun kifi," ta ce tana shafa hoda. "Ta ce hannuna da albarka. Shi ma ya ci, har da ƙari."

Na ci gaba da wanke-wankena.

"Ya tambaye ki fa."

Na ɗago. "Me ya ce?"

"Au, ashe kina magana? Cewa ya yi, ya mai bakin nan da ta raba shi da gidan da ya gaji yi wa aski."

Na san ƙarya take yi. Amma na shiga ɗaki na yi kuka kamar gaskiya ce.

Abu ɗaya ban fasa ba. Kullum bayan asuba in durƙusa gaban Baba, kaina a ƙasa, in miƙa masa ƙwaya biyu da kofin ruwa. Ya yi bismillah, in ji ƙarar haɗiyar ruwa, ya miƙo kofin. In je in ja layi. Ba ya ce mini komai, ni ma haka. Duk ƙarshen wata Dakta Maijidda ta kira a wayar Inna, in ce mata gidaje sun cika, ta ce, "Madalla da ma'aikaciyata."

Ranar wata Talata sai ga baƙo a zaure. Sa'idu sunansa, wanzami daga Kafin Hausa. Zulaihat ce ta samo shi ta wajen dangin ubanta.

Na shiga ɗakin Inna a guje. "Inna, ki hana shi! Jinin ba zai tsaya ba!"

"Na yi magana jiya har ya daina amsa mini," ta ce. "Kwaso tsummoki masu tsabta, mu yi addu'a."

Na tsaya bayan ƙofa da tsummoki. Na ji tsagar aska. Na ji Sa'idu yana zuƙar ƙaho. Ƙaho shida ya kafa.

Da ya cire, ya goge, jinin ya tsaya.

Tsaf. Kamar na kowa.

Baba ya yi dariyar da rabon in ji irinta tun kafin Kano. Ya ɗaga murya don in ji.

"Ina jinin da aka ce ba zai tsaya ba? A gaya wa likitocin cikin gida, Mala Fannami na nan da ransa!"

Zulaihat ta dube ni ta taɓe baki. "Kin kashe aurenki a banza."

Na zauna a ƙasa da tsummokina. Na gode wa Allah da Baba ya tsira.  Ashe ba komai? Ashe da na yi shiru, da yanzu ana maganar sa rana?

*

Ranar Juma'a Baba bai je kogi ba. Ya ce zafi ne. Tun safe yake zaune a zaure yana gumi, yana murza kafaɗar hagu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji ƙarar babur. Ba Alhamis ba ce. Ya zo darbejiya, bai rage gudu ba, bai kuma wuce ba. Ya tsaya.

"Salamu alaikum!"

Muryarsa...

Ban san lokacin da na isa bayan ƙofa ba.

"Ban ce kada ka sake tako nan ba?" in ji Baba.

"Ka ce. In na gama ka sa a kore ni da sanda. Baba, yaushe ka daina shan maganin?"

"Kai, ka yi hankali!"

"Jiya na haɗu da Sa'idu a kasuwa yana ba wanzamai labari. Ya ce jininka ya daskare a cikin ƙaho kamar hanta, sai da ya kaɗe shi. Akwai wani tsoho mai shan irin maganinka da na taɓa kuskure wa bayan kunne, sai da na danne wurin rabin sa'a. Jinin mai shan maganin nan ba ya yin hanta, Baba. Aikina ne, na sani."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ɗaga labule na shigo da katin a hannu.

"Yana sha," na ce. "Ga shi, babu gidan da babu layi. Ni nake ba shi da hannuna."

Tasi'u ya juyo. Muryarsa ta yi laushi.

"Gana... kin ga ya haɗiye?"

 

Tunda aka haife ni ban taɓa kallon fuskar Baba yana ci ko yana sha ba. Haka aka rene ni. Ƙarar ruwa kawai nake ji.

Idona ya faɗa kan babbar gorar kamun kifinsa da ke jingine a kusurwa, daidai inda yake zama da asuba. Na je na ɗaga ta, na girgiza.

Ƙacau-ƙacau...

Na kifar da ita. Ƙwayoyi suka zubo kan tabarma, farare da jajaye. Ashirin da biyu. Kwana goma sha ɗaya ina jan layin ƙarya.

"Kwana bakwai kawai ya ce," Zulaihat ta faɗa daga bakin ƙofa, muryarta ta canza. "Ni na ce masa in ya ɗan ajiye, jinin zai yi kauri a yi ƙahon lafiya. Wallahi na zaci ya ci gaba da sha..."

"Jikina ya yi daɗi, me zan yi da shi?" Baba ya miƙe a fusace. "Ku duka ku... ku..."

Bai ƙarasa ba. Ya dafe ƙirji da hannu biyu, fuskarsa ta yi toka-toka, ya sulale.

Tasi'u ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

"Gana, waya! Lambar bayan kati!"

Ni da ba na iya gaida baƙo ba tare da murya ta shaƙe ba, ranar na yi magana tiryan-tiryan. Na ce Dakta, Yagana ce daga Hadejia, Baba ya daina magani kwana goma sha ɗaya, an yi masa ƙaho, yanzu ya faɗi yana riƙe da ƙirji. Ta ce a ba shi ƙwayoyin ya tauna yanzu-yanzu, a kai shi asibitin Hadejia, za ta kira su su shirya mota.

Na durƙusa na sa masa a baki da yatsuna. Na dube shi har ya tauna. Karo na farko ke nan da na ga idon Baba kusa haka, kuma tsoro na gani a ciki.

Tasi'u ya goya shi a baya har bakin titi.

A motar asibiti, duk tsawon hanyar Kano, yana riƙe da kan Baba a cinyarsa yana ce masa, "Numfasa, Baba. Ba ka gama zagina ba, ka daure mu je mu dawo."

Da la'asar suka sake ɗaukar hoton. Daga baya Dakta Maijidda ta nuna mana. Kogin Baba ya zo daidai ragar ya yanke, gaba babu komai, fari fat. Suka zuƙe gudan jinin, suka sake buɗe hanyar.

"Ya tsira," ta ce. "Amma wani ɓangare na naman zuciyar ya jigata. Ba zai ƙara saran kacala ba. Da kun ƙara awa biyu, da wata maganar muke yi."

Na fashe da kuka. "Ni na cika katin da ƙarya, Dakta. Na ɓata muku bincike."

Ta kama hannuna. "Kin gyara shi dai. Takardarmu tana tambayar haƙori, tana tambayar tiyata, ba ta tambayar ƙaho. Daga yau za ta tambaya. Za mu kuma kira sauran mutanenmu tun kafin damina ta sauka." Ta dubi Tasi'u. "Kai kuma, malam wanzam, za ka iya tara mini 'yan'uwanka wanzamai mu yi magana?"

"In akwai shayi za su zo," in ji shi.

*

Mun dawo gida ruwan farko ya sauka. Zulaihat ta koma Kafin Hausa wurin dangin ubanta. Kafin ta tafi ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, kuma har zuciyata, don na ga yadda ta rame.

Abokan Baba ba su zaunar da shi a gindin bishiya ba. A tsakiyar kwalekwale suka zaunar da shi, da laima, yana nuna musu inda za su sara yana yi musu faɗa.

Tasi'u kuwa bai sake zuwa ba. Ya kai mu, ya dawo da mu, ya tsaya a darbejiya ya ce shi nan aka yi masa iyaka. Alhamis biyu ya rage gudu ya wuce. Na fara tunanin ko shi ke nan.

Ranar Alhamis ta uku da sassafe Baba ya fita da kansa, ya tsaya a tsakiyar layi da sandarsa. Babur ya zo, dole ya tsaya.

"Kai wane irin wanzami ne? Ba ka ga kaina ya zama daji ba?"

Ina bayan ƙofa da kofin ruwa da ƙwaya biyu lokacin da suka shigo zaure. Baba ya cire hula ya zauna. Tasi'u ya buɗe zabira, ya wasa aska.

"Ka sani dai," in ji Baba, "in ka kuskure ni, jinin nan ba zai tsaya ba."

"Na sani, Baba."

"To bismillah."

Ya miƙa masa kai ya rufe ido.

Babu abin da ake ji sai saƙ-saƙ ɗin aska da ɗigar ruwa daga indararo. Har aka gama ko ƙwarzane babu. Baba ya shafa kansa ya ce, "Ubanka ya fi ka sauri, amma ka fi shi taurin kai. Uwata, shigo."

Na shiga na durƙusa, na miƙa maganin, kaina a ƙasa kamar kullum.

"A'a. Ɗago ki dube ni."

Na ɗago da ƙyar.

Ya watsa ƙwayoyin a baki, ya kora da ruwa, sannan ya wangale bakin kamar ƙaramin yaro ya ɗaga harshe.

"Kin gani? Je ki ja layinki. Kullum haka za mu yi, har ranar da za ki bar gidan nan. Daga nan sai ki koya wa uwarki." Ya juya. "Kai kuma, ka ce wa manyanka ranar Asabar ina gida. Su zo da wuri, kafin in canza ra'ayi."

Ya tashi ya shige cikin gida, ya bar mu.

Tasi'u ya tattara asakensa a hankali, ya ɗauki lokaci fiye da yadda aikin ke buƙata. Ya zo bakin ƙofa ya sa takalmansa. Sun tsufa, ɗaya har ya tsage a gefe tun ranar da ya goya Baba.

"Gana," ya ce, "masoyiyata... ga su nan, sun yi kewarki. In bar miki su in tafi?"

Na dubi takalman.

Sannan na bi ta kan wandonsa, na bi rigarsa, na wuce igiyar zabira, har na isa.

Ashe akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu. Ashe in zai yi murmushi, idonsa ne ke fara yi. Fiye da shekara guda ban sani ba.

"Tafi da su," na ce. "Kai nake so ka dawo."